Shekara Mai Masar Dankali

Lokacin da na bar Matamaye zuwa karatu Borno, abin da ake ba yaron da aka yaye bai wuce kunun gero da ɗan nono ba, sai fura idan gidan na da hali. Da na dawo, a shekarar da aka ƙone Kukawa, na tarar da wani sabon abu. Duk gidan da na shiga gaisuwa, in dai akwai ƙaramin yaro, sai in ga wata 'yar masa ja-ja a hannunsa yana mutsuka ta da dasashi. Na tambaya, aka ce masar Shekara ce. Na ɗanɗana, na ji dankali ne da garin magarya, ga taushi, ga wani ɗan tsami a bayan zaƙin, wanda ya tuna mini da busasshen ɗan itacen nan da fataken Tarabulus suke kawowa Borno, suna ce masa tuffa. Sai na nemi in ga mai sunan. Yawancin abin da zan faɗa daga bakinta na ji shi, saura kuwa daga maƙwabciyarta Fadima, wadda ba ta iya riƙe magana.

Shekara mutuniyar Yauri ce. Aure ya kawo ta Matamaye, gidan Sallau, mai noman rake da dankali a fadama. Doguwa ce, ba ta da yawan surutu, kuma tun tana amarya an san ta da son a ce abinta ya fi. In ta yi daɓe a ɗakinta sai ta leƙa na maƙwabta ta gwada.

Ta haifi namiji, aka sa masa suna Isufu. Kamar kowace mace mai tarbiyya, ta yi masa kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka surukarta na kusa sai ta kau da kai har wani ya miƙo mata shi. Mata suka yi ta yabonta. Ba wanda ya san cewa in ta shige ɗaki ta saki asabari, sai ta yi ta shinshinar wuyansa har ya yi dariya.

Da ya isa yaye, a lokacin ɗari, wurin kakarsa Maryama ya kamata a kai shi, uwar Sallau ke nan, wadda suke gida ɗaya da ita. Amma idanun tsohuwar sun yi rauni, ba ta iya bin yaro. Sai ta ce a kai shi wurin 'yarta Baiwa, yayar Sallau, wadda ke aure a ƙarshen unguwa gidan wani mai saƙa, Inusa. Baiwa ta daɗe a ɗakin miji ba ta taɓa ko ɓari ba. Ta zo da majanyi sabo, ta goya yaron, ta ce wa Shekara, "Ki huta, matar ƙanena. Kafin nononki ya ƙafe na dawo miki da shi."

Nono ya ƙafe, ba a dawo da yaro ba. Sai da wata ya mutu wani ya tsaya, sannan Sallau ya je ya ɗauko shi. Isufu ya shigo gidan ubansa yana kallon kowa kamar baƙo. Shekara ta dama kunu, ya ture. Ta jiƙa fura da nono, ya rufe baki. Ta sa zuma a yatsa, ya juya fuska jikin danga. Haka aka yini, aka kwana, aka sake yini, ruwa kawai yake sha, kukan ma ya daina fita sosai.

Ana cikin haka Baiwa ta yi sallama, da wani ƙulli na ganyen kalgo a hannunta. Ta kwance, ga 'yan masa ƙanana masu ɗumi. Yaron ya rarrafa ya haye cinyarta, yana cusawa da hannu biyu, yana cewa, "Inna, Inna."

Tsohuwa Maryama ta ji motsin bakin, ta ce, "Me yake ci haka?"

"Ɗan abin da nake yi masa ne, Iya. Dankali da magarya."

"To ki koma da shi. Ba zan zauna jikana ya mutu da yunwa ina gani ba." Ta juya wajen da take jin numfashin Shekara. "Ke kuma, ranar da ya ci daga hannunki, ki riƙe abinki. Kafin nan yana wurin Baiwa."

Shekara ta durƙusa ta ce, "To, Iya." Macen da ta buɗe baki ta nemi ɗanta na fari, ai ta zubar da mutuncin gidansu.

Shekarar ta zagayo yana can. Shekara ba ta sake samun ciki ba. Kullum tana ganinsu a hanyar rijiya, yaron a bayan Baiwa, ya yi ɓul-ɓul, an sa masa kwalli, an ɗaura masa laya da jar fata. Ta ce mini abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda Baiwa take kiran sunansa da ƙarfi a tsakiyar hanya, ta ja sunan, "Isuufu!", ba gaira ba dalili, don dai ita ba ta da kunyarsa. In sun haɗu sai Baiwa ta juyo da goyon ta ce, "Gaida matar Baba." Yaron ya ɓoye fuska a kafaɗarta. Shekara ta yi murmushi, ta ɗora tulu, ta dawo gida ba ta iya cin tuwo.

Sau ɗaya ta gwada taɓa maganar wurin mijinta, ta bayan fage. Ta ce, "Gidan nan ya yi shiru da yawa."

Sallau ya ce, "Ai sai ki samo kaji."

Da aka gama girbi, labari ya zo cewa Inusa ya sami gona a Tsauni wurin danginsa, zai tashi da iyalinsa kafin ruwan farko ya sauka. Game da yaron kuwa, kowa ya san hukuncin tsohuwa. In bai ci daga hannun uwarsa ba kafin ranar, da shi za a tafi.

Washegari Shekara ta sayo tanda a kasuwa, irin kaskon nan mai gurabe da ake soya masa. Tambayar Baiwa yadda ake yi kuwa, ta ce gara a yanke mata harshe. Garin magarya bai ba ta wahala ba, tun a Yauri ta iya: a tsinto wadda ta bushe, a daka ta a turmi a hankali yadda ƙwallon ba zai fashe ba, a tankaɗe da rariya, a sake tankaɗewa don kada ɓawo ya maƙale wa yaro. Dankali kuwa ga shi tuli a gidan. Ta fere, ta dafa, ta kirɓa, ta haɗa da garin, ta zuba a tanda. Ya narke ya zama kunu. Ta ƙara garin gero, ya fito da tauri kamar ƙuli-ƙuli. Ta rage, ya sha mai ya yi laƙwas.

Wata wahalar kuma ita ce dalilin da za ta bayar. Mace marar goyo ba ta soya abincin yaye haka kawai. Sai ta ce sadaka take yi. Kowane hantsi ta ajiye faifai a ƙofar gida, ta koma ta tsaya bayan danga, yaran unguwa su zo su ɗiba. Lissafinta shi ne wata rana Isufu zai biyo su, ya ci a cikin taro, ba wanda zai ce don shi aka yi.

Yara suka zo. Na farko suka ci don kyauta ce, daga baya suka fara jifan juna da ita. Fadima ta leƙo ta saman danga ta ce, "Shekara, wannan sadakar taki, Allah dai ya karɓa, don awakina ma sun ƙi."

"Awakinki sun saba da ƙaiƙayi, ina suka san daɗi?"

"Ki je ki tambayi Yayarku mana. Ƙafa nawa ne?"

"Wa ya ce miki irin tata nake yi?"

"Ba kowa. Ni dai na ga kina leƙen hanyar gidan Inusa har wuyanki ya ƙara tsawo."

Abin ya daɗe haka, har ɗari ya wuce zafi ya fara shigowa. Wata rana da la'asar tana dawowa daga itace, ta bi ta bayan gidan Baiwa, ta ga wata akuya tana tonon juji tana cin wani abu baƙi. Ta ajiye itacen, ta kori akuyar, ta sa kara ta tona. Ɓawon dankali ne, amma ba fereren wuƙa ba, saɓaɓɓe ne, ya ƙone ta waje, da toka a jikinsa. Ashe Baiwa ba ta dafawa. Binne shi take yi cikin toka mai zafi har ruwansa ya tsotse, zaƙin ya taru.

Tana tsugune da ɓawon a hanci sai ta ji murya a kanta.

"Sannu da aiki, matar ƙanena. Wani abu ya ɓace miki a jujina?"

Shekara ta miƙe. "Sannu, Yaya. Akuyar ce na ga kamar tamu."

"Taku ai fara ce. Ko ita ma ta shiga toka?" Baiwa ta dubi ɓawon da ke hannun Shekara, ta yi dariya. "Da kin yi sallama ta ƙofa, da na ba ki mai ɗumi. Ɗana ya rage saura, ya ƙoshi."

Shekara ta ce mini wannan "ɗana" ya bi ta har gida, ya kwana da ita. Amma da asuba, bayan ta sauke ruwan zafi, ta binne dankali a murhu.

Daga ranar abin ya canza. Gasasshen dankali ya kirɓu ya yi danƙo, ya riƙe garin magarya ba sai an cika gero ba. Ta gane cewa a shafa wa tanda man shanu da tsumma ya fi a zuba, kuma wutar kara ta fi ta itace, don ba ta ƙona baya ta bar ciki ɗanye. Ta rage girman masar yadda hannun ɗan yaye zai iya damƙe ta. Faifai ya fara ƙarewa kafin ta koma bayan danga. Fadima da kanta ta aiko da ƙwarya wai a sa wa autarta.

Isufu ma ya fara biyo yara. Ta ramin danga take kallonsa. Rana ta farko ya ɗauka ya riƙe, bai ci ba, ya tafi da ita. Ta biyu ya ba wani kare. Sai daga baya Fadima ta gano dalili: Baiwa ba ta barinsa ya fito sai ta cika masa ciki har wuya. Shekara ta mayar da sadakarta sassafe, kafin a hura wuta a gidan Inusa. Baiwa ta fara tashi tun kafin kiran salla. Fadima ta ce a wannan bazarar ba gidan da aka yi barcin safe a unguwar, don turmi biyu ne suke amsa wa juna.

Ranar da ya ci, Shekara ba ta gani ba, ta shiga ɗauko mai. Fadima ce ta ƙwala mata kira, "Fito, fito, mutuminki ya haɗiye!" Kafin ta fito ya ruga. Labari ya kai wa tsohuwa, ta aika a kira Baiwa. A lokacin an riga an fara ɗaure kayan Inusa, hadari yana haɗuwa ta gabas kowace yamma.

Baiwa ta zo da yaron a hannu, ta zauna a kan tabarmar uwarta. Mata maƙwabta suka shigo, wai aron rariya. Baiwa ta ce, "Iya, yaro in ya ga yara na cin ƙasa shi ma ci zai yi. Daga faifai ya ɗauka, mai faifan tana ɓoye. In na tafi na bar shi, faifan ne zai lallashe shi? Ta ba shi da kanta, nan, muna gani."

Tsohuwa ta ce, "Gaskiyarki. Shekara, soyo."

Ta soya a gabansu, ta farko ma ta ƙone. Ta zaɓi wadda ta fi kyau, ta hura mata iska, ta durƙusa a tsakar gida, ta miƙa hannu. Tun da ta haife shi ba ta taɓa miƙa masa komai a gaban surukarta ba. Yaron yana tsaye jikin gwiwar Baiwa, yatsa a baki, yana kallon masar.

"Kai, zo," in ji Shekara, murya ƙasa-ƙasa.

Bai motsa ba.

"Yaron nan, zo ka karɓa."

Fadima ta matso ta raɗa mata, "Kira sunansa, ke! Yau ɗaya dai. Mu mun toshe kunne."

Shekara ta buɗe baki. Ta ce mini sunan ya zo har kan harshenta, amma ga Iya zaune, ga matan unguwa, ga abin da za a je a faɗa a Yauri. Ta rufe bakin. Hannun dai yana miƙe, man shanu na gangarowa ta tsintsiyar hannunta.

Yaron ya ɗaga kai ya dubi Baiwa. Baiwa ta dubi matar ƙanen nata a durƙushe, ta daɗe tana dubanta. Can sai ta sa tafin hannu a bayan yaron ta ɗan tura shi.

"Je ka, Isufu. Karɓa ka ci."

Ya taka ya je, ya karɓa, ya cinye, ya miƙa hannu a ƙara masa.

Tsohuwa ta ce, "Ya ci?" Mata suka ce ya ci. Ta ce, "To magana ta ƙare." Baiwa ta tashi, ta kwance majanyin da ke ɗaure a ƙugunta ta ajiye a kan tabarma, ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba. Suka tashi zuwa Tsauni kafin ruwa ya sauka. Isufu ya yi kukansa na kwanaki, amma yana ci, a hankali ya saba.

Na tambayi Fadima me ya sa Baiwa ta yi haka. Ta ce tausayi ne, ba wani abu ba. Wasu sun ce Inusa ne ya gaya mata ba zai ɗauki ɗan mutane zuwa inda ba a gama haƙa rijiya ba. Da na kawo wa Shekara waɗannan, sai ta yi tsaki.

"Tausayi? Malam, ba ka san Yaya ba. Ta ga yana shirin tahowa da kansa, ƙafarsa ta riga ta ɗaga, shi ne ta yi sauri ta ce je ka, don a ce ita ta ba ni."

"Kin ga ƙafar ta ɗaga?"

Ta juya masar da ke tanda. "Idona na ƙasa," ta ce. "Amma ta ɗaga."

Bayan tafiyar Baiwa, yaran da suka saba da faifai ba su daina zuwa ba, iyayensu mata kuma suka fara kawo mata 'ya'yan yaye waɗanda suka ƙi kunu. Haka sana'ar ta same ta ba ta nema ba. Ta koya wa duk wadda ta tambaya, har da gashin toka, ba ta ɓoye komai. Abu ɗaya ne ba ta yarda da shi: ba ta sa wa ɗan kowa abinci a baki, kuma ba ta karɓar yaro ya kwana a ɗakinta. Sai ta soya ta miƙa wa uwar, ta ce, "Ke ki ba shi. In ɗan fari ne ku shiga ɗakina, in saki asabari, ba mai ganinku." Tsofaffi sun yi gunaguni a kan wannan, suka gaji suka bari.

Daga baya Allah ya ba ta 'ya'ya mata biyu. Isufu ya girma ya gaji fadamar ubansa. Yana yi mata biyayya, ba ta taɓa kuka da shi ba, amma kowace kaka sai ya ɗora wa jaki dankali ya kai Tsauni, ya kwana biyu. In ya dawo ya ce, "Inna tana gaishe ki," sai Shekara ta ce, "Tana lafiya? Ta tsufa ko?" Ita kuwa, Iya yake ce mata, kamar yadda ya ji ana ce wa kakarsa. Ta ce ba ta damu ba, sannan ta maimaita mini cewa ba ta damu ba.

A kwanakin da nake zuwa wurinta, ɗan Isufu na fari ya kusa yaye, kuma ba a yi gardamar inda za a kai shi ba, don kakarsa na nan da idonta garau. Shi kaɗai ta ce zai kwana a ɗakinta, shi ma tare da uwarsa. Ana saura 'yan kwanaki sai ga wani ɗan Tsauni da ƙwarya a rufe da faifai, ya ce Baiwa ta aiko, garin magarya ne, a yi wa jikanta. Ina zaune aka kawo. Shekara ta buɗe, ta dangwala yatsa ta lasa, ta murza tsakanin yatsu tana neman ɓawo, ba ta samu ba.

"Jikanta," ta ce. "Ka ce mata an gode. Ka ce mata magaryar Tsauni ɗaci gare ta, amma an gode."

Ɗan aiken ya tafi. Ta kira autarta ta ce a kai ƙwaryar bayan ɗaki a ba awaki. Yarinyar ta ɗauka, ta kai bakin ƙofa, sai uwar ta ce, "Tsaya. Kawo nan." Ta sake lasa. Ta ɗauko nata garin ta lasa, ta koma na Baiwa. Sannan ta miƙo mini ƙoren biyu.

"Malam, kai da ka yi yawon duniya. Ɗanɗana ka faɗi gaskiya, don Allah. Wanne ya fi laushi?"

Na ɗanɗana duka biyun, na ce ni ban ji bambanci ba.

Ta janye ƙorenta, ta ce ashe karatun Borno ba ya gyara harshe. Ta tura yarinyar ta ɗauko rariya, ta zauna ta sake tankaɗe nata.